'Yar Robar Kunnen Yaya

Tun ina 'yar firamare yayana yake aiki a wurin yankan katako, bai bari ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Doguwar rumfa ce ta kwano, garin katako har idon sawu, injin zarto a tsakiya yana kuka tun safe. Baƙo in ya shiga, sai ya fito kunnensa na amsa kuwwa. Yaya kuwa a nan ya yi furfura. An taɓa raba wa ma'aikatan wurin abin toshe kunne, ya kawo gida ya ba yara suna wasa da shi, wai shi da kunne yake gane haƙoran zarto sun dakushe. Taurin kai dai gadonmu ne, amma shi ya kwashi kaso mafi tsoka.

Matarsa muna kiranta Rediyo, don ba ta da wurin kashewa. Ita kuma tana kirana ƙaramin miji. Da Yaya ya dawo aiki ya zauna a benci yana kakkaɓe garin katako daga gashinsa, sai ta jawo kujera ta buɗe tasha: wa ya yi faɗa da wa a bakin famfo, wace ce ta ari tukunya ta mayar da ita ba murfi. Muryar kowa tana iya kwaikwaya. Shi ba mai magana ba ne, dariya ce aikinsa, har ya riƙe ciki yana cewa, "Ke dai Allah ya shirye ki." Duk abin da Yaya ya sani na duniya a bakin matar nan ya ji shi.

Ita ta fara ganewa. Wata rana ta gama kwaikwayon mai gidan haya tas, Yaya yana kallonta kawai yana murmushi. Da na je ta ja ni kicin ta ce, "Ƙaramin miji, yayanki ba ya ji."

'Ya'yansa suka haɗu suka saya masa na'urar ji. Ƙaramar aba ce da ake maƙalawa a bayan kunne, da siririn tiyo, a bakin tiyon kuma akwai 'yar roba mai laushi, ba ta fi ƙwayar wake ba, ita ke shiga cikin kunnen ta toshe shi. Likitar kunne ta ba shi fakiti guda na robar, ta ce in wadda ke ciki ta saki ko ta yage ya canza. Yaya, da ba ya yar da ko lanƙwasasshiyar ƙusa, ya riƙa wanke kowace roba yana lallaɓa ta har sai ta mutu murus. Fakitin ya kai shi shekaru, dariya ta dawo gidan.

Sai maƙoƙo ya fito wa Rediyo a wuya. Aka yi mata aiki, aka ce an yi nasara, amma muryar ba ta dawo ba. Matar da ake jin ta daga bakin titi ta koma raɗa, raɗar ma sai ka matso. Duk da haka ba su rasa dabara ba. Yaya yakan sunkuyo ya kai kunnensa mai na'ura dab da bakinta, ita kuma ta riƙa zuba masa labari. Na sha tsokanar su da cewa tsufa ya mayar da su ango da amarya. Ana cikin haka robar ƙarshe ta yage.

Ni na raka shi shagon kayan ji, ya sa yagaggiyar a kwalin ashana. Mai shagon ya juya na'urar ya duba lambarta, ya girgiza kai.

"Baba, wannan samfurin an daina yin sa. Kowane kamfani da irin wuyan robarsa, ta wani ba ta zama a ta wani."

"Me ya ce?" in ji Yaya.

Na ɗaga murya na ce, "Ya ce za a duba!"

Mai shagon ya ɗauko wata mai kama da ita, ya yi mini bayani cewa in roba ba ta toshe kunne ruf ba, sauti yakan tsiyayo ya koma cikin na'urar, sai ta kama fito, musamman in wani abu ya matso kusa da kunnen. Na ji bayanin, amma ban gane nauyinsa ba sai da muka isa gida. Daga nesa lafiya lau, Yaya na jin sallama, yana jin kukan akuyar maƙwabta. Yana sunkuyawa wajen bakin matarsa, sai abin ya tsala wani fito mai huda kai. Ta zabura ta ja baya, shi ma ya dafe kunne. Suka sake gwadawa, ya sake tsalawa. Duk mutanen gari yana iya jin su, ban da mutum ɗaya da sai an matso ake jin ta.

Daga nan neman roba ya zama sana'ar Yaya. Babban ɗansa ya yi odar wasu ta waya, a hoto kamar an tsaga kara, da suka iso wuyan ya yi faɗi. Yaya ya ce ai a haka za a lallaɓa. Ya zare na'urar wata safiya, tiyon ya fito, robar ta zauna a can ciki. Sai asibiti, aka ciro ta da ɗan hantsaki. A ranar likitar ta sake auna jinsa, ta ce mini kunnen ma kansa yana ta ja baya. Na faɗa masa da ƙarfi a hanya, ya ce eh, rana ta yi zafi yau. Har yanzu ban sani ba ko bai ji ba ne, ko ji ne ba ya so.

Aka samo wata babba, ta toshe kuwa, amma ta goge masa fata har kunnen ya yi ruwa. Ya ciri robar abin sauraren waya na jikarsa, ya zauna da reza da gam yana sassaƙa, yana gwadawa, yana tsaki. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana fitar da katako daidai awo, ga shi 'yar roba ta gagare shi. Gwangwanin madara guda ya cika da robobin da ba su yi ba, ya ƙi zubarwa. Kwalin ashanar nan kuwa kullum yana aljihunsa. Ko gaisuwar mutuwa muka je, in ya hango wani da abu a kunne sai ya bi shi ya buɗe masa kwali. Sabuwar na'ura ta fi ƙarfin yaran a lokacin, kullum sai dai a ce in an samu sarari.

A gida kuwa, Rediyo ta riƙa matse maƙogwaro don ya ji, har tari ya sarƙe ta, likita ya hana. Ba ta yi makaranta ba balle ta rubuta masa. Na zama tafinta: ta raɗa mini, ni kuma in kwarara masa. To amma abin dariya in ya bi ta bakina da ihu ya riga ya huce, kuma akwai maganar mata da miji da ba ta bi ta bakin ƙanwa. A hankali ta koma nuni da hannu: ga abinci, ga ruwan wanka, an ɗauke wuta. Yana zaune a bencinsa, tana zaune a kujerarta, kowa na kallon bango. Wallahi nakan fita gidan nan raina a ɓace, in rasa wanda zan zaga, ko masu kamfanin da suka daina yin abu alhali masu sa shi suna raye, ko injin zarto, ko shi Yaya da ya ba yara abin toshe kunne.

Mun riga mun fid da rai sai mai shagon ya kira ni. Wani ya kawo masa kayan mahaifinsa da ya rasu, a ciki akwai fakitin irin robar Yaya, ko buɗe shi ba a yi ba. Ban tsaya yafa mayafi da kyau ba na tafi.

Yaya ya wanke hannu kafin ya taɓa. Robar ta zauna a tiyon ɗaram. Ya sa a kunne, ya rufe kunnen da tafin hannu, shiru, babu fito. Ya shiga ɗaki ya canza riga, har da turare. Rediyo ta rufe baki tana dariyar da ba ta da sauti. Ya zo ya zauna kusa da ita, ya sunkuyo har kunnensa na taɓa leɓenta.

"To, bismillah. Buɗe mana tashar."

Ina tsaye kusa, na ji abin da ta raɗa masa. Cewa ta yi, "In kana ji na, miƙo mini kofin nan na gefenka."

Yaya ya ɗago ya dubi fuskarta. Sai ya fashe da dariya, ya buga cinya, ya ce, "Ke dai Allah ya shirye ki!"

Kofin yana nan kusa da hannunsa, bai ko kalle shi ba. Ta dube shi, ta yi murmushi, ta gyaɗa kai da ƙarfi kamar ta ji daɗi. Ta sake matsawa ta ci gaba da motsa baki, shi kuma yana dariya duk inda ya ga ta tsaya. Ni dai na shige kicin, don idona ya cika.

Can ta biyo ni da kofin a hannunta, ta ɗebi ruwa ta sha. Ta kamo mayafina ta raɗa mini, "Ƙaramin miji, kar ki gaya masa na gane. Ya sha wahalar neman abin nan."

Da zan tafi Yaya ya rako ni har bakin ƙofa, abin da bai saba yi ba. Ya waiga cikin gida, ya rage murya iyakar yadda kurma ke iya ragewa.

"Auta, iska kawai nake ji a kunnena. Kar ki gaya mata."

Na ce to. Ya sa hannu a aljihu ya ciro kwalin ashanar, ya jujjuya shi, ya miƙo mini.

"Ki yar da wannan a hanya," in ji shi. "Babu sauran abin nema."