Kwalkwalin Da Ka Bari A Cikin Mazubi

Daga Allah muka fito, wurinSa kuma kowa zai koma, mai gudu da mai rarrafe. Ranar Talata, sha tara ga watan Fabrairu, da hantsi, babanka ya hawo bene ya tsaya a bakin ƙofata bai yi sallama ba. Ɗan da na haifa bai taɓa shigo mini haka ba, don haka kafin ya buɗe baki na riga na ji. Ya ce, "Inna, sai haƙuri." Shekararka ashirin da bakwai. Ni mai tamanin da ɗoriya ina zaune, kai jikana ka tafi. Tun kana zanen goyo nake kiranka Maigida, kana girma ka rama da Amarya. To ga shi ka cika aikin maigida, ka bar ni da takaba da tsufana.

Masu zuwa gaisuwa suna cewa kai mai haƙuri ne. Gaskiya suka faɗa, amma daga nesa suka hango. Ni ce na zauna da kai. Mataki talatin da biyu ne tsakanin ƙofar gidan nan da titi. Shekara shida ke nan gwiwoyina suka ce sun gama da su. Kai kuwa ciwon sikila ya ɗaure ka tun haihuwa: sanyi ya kwantar da kai, rana ta kwantar da kai, doguwar tafiya ta kwantar da kai. Da safe babanka ya tafi aiki, mamanka ta tafi shagonta, a ja mana ƙofa, a bar mu mu biyu kamar kaji a akurki. Ɗakina yana kallon naka. Tagata mai ƙarfe ce, abin da take nuna mini na duniya bai fi faɗin tabarmar salla ba: bangon maƙwabta, da ɗan yankin titi inda nake ganin mutum daga kafaɗa zuwa kai, ya wuce ya ɓace.

A wannan kurkukun ka koya wa kanka sana'ar da ban taɓa jin wani a zuriyarmu ya yi ba. Kwalkwali kake yi, hular yaƙi irin ta mutanen da, don masu wasan kwaikwayo da masu fim. Mutum ya gani ya rantse ƙarfe ne, ya ɗauka ya ji bai fi kwanon sha nauyi ba. Na kalli aikin har na haddace shi. Da yumɓu kake farawa, ka gina hular a kan wani kan katako, ka zauna da tsinke kana zane har sati uku ko huɗu. Sai ka kwaɓa farar hodar nan da ake ɗaurin karaya da ita a asibiti, ka lulluɓe yumɓun gida biyu, dama da hagu. In ta bushe ka raba, ka kwashe yumɓun ka zubar. Abin da ya rage shi ne mazubi, ramin hular ke nan. Daga nan ka shafe cikinsa da mai, ka haɗa ɓangarorin biyu ka ɗaure, ka gauraya wasu ruwa biyu masu warin da ke hawa kai. Kai kana da sunansu na boko, ni ruwan roba nake cewa. Ka zuba a ciki, a yi ta juya mazubin a hannu ba tsayawa, har ruwan ya bi ko'ina ya daskare.

Kullum kana cewa, "Amarya, kafin ki zuba komai, ki fara duba ta inda zai fita." Ni kuma in ce maka wanda bai iya fita daga gida ba ne yake koya wa roba fita. Sai ka yi dariya ka ce ai shi ya sa ka ƙware.

Ba zan manta ranar da ka rasa kan da za ka gwada sabon kwalkwali ba. Na ce ga kaina, ai ba aikin da yake yi. Na cusa shi a kan ɗankwali, ya shiga lafiya lau. Da aka zo cirewa ya kama ni ta ƙarƙashin kunne ya ƙi. Ana cikin haka abokan babanka suka hawo gaishe ni, dattawa uku da manyan riguna. Na gyara zama a bakin gado, na amsa gaisuwarsu ta cikin ramin ido, murya tana fita kamar daga rijiya. Ɗayansu ya kasa haɗa "ina gajiya", ya koma kallon silin. Babanka kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da suka tafi ya ce a ja da ƙarfi kawai. Ka ce a'a. Ka ɗauko ɗan zarto, ka sa yatsanka tsakanin haƙoransa da wuyana, ka yanka aikin sati uku gida biyu. Na ce ka yi asara. Ka ce kunnen amarya ya fi kwalkwali tsada, ko da ba ya jin magana. Babanka da yake kiran sana'arka wasan yara, shekaranjiya na ga rabin wannan kwalkwalin a cikin kabad ɗinsa, a naɗe da tsohon rawani. Bai san na gani ba.

Sandar da nake dogarawa ma aikinka ce. Ka ga tana zame mini, ka ba ni curin yumɓu ka ce in matse. Bayan kwana biyu sai ga mariƙi mai ramin yatsuna biyar, har da karkataccen nan da ya karye tun ina budurwa. Ka yi wa mamanka hannun murfin tukunya. Ka yi wa tela ta ƙasan bene maɓallin keken ɗinkinta da ta yi wata uku tana nema a kasuwa, ka ƙi karɓar komai. Mutane suna hawowa da karyayyun abubuwa, su sauka da gyararru, kai kana nan inda kake. Hulunanka sun hau dandamali, an tafa musu, sun shiga garuruwan da ba ka san hanyarsu ba. Kai sai dai a nuna maka a waya.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro, ni da rubutuna yake tafiya kamar kaguwa.

Darakta, mai shirya wasan nan da ya saba sa ka aiki, ya ce ka yi masa kwalkwalin jarumin sabon wasansa. Wata biyu ka yi a kan yumɓun. Ban taɓa ganin ka yi mai kyansa ba: tukku a sama, ganye-ganye a goshi ƙanana kamar ƙwayar ido. Hannuwanka sun fara ciwo a lokacin, sai ka ɗauke ni aiki. Ni ce mai shafa mai, ni ce mai juya mazubi a cinya. Kuma na san muhimmancin man. Na taɓa ganin ranar da aka manta shi: roba ta kama hodar kamar kaska, sai da guduma, hular ta fito a farfashe. Na kuma san ka riga ka kwashe yumɓun ka zubar, in wannan zubin ya lalace babu inda za a koma.

Abin da ba ka sani ba, a zatona, shi ne na daɗe ina satar man nan. Faso ya dame ni a dugadugai, man aikinka kuma ya fi wanda ake saya mini laushi. Kullum in lakata kaɗan, in ce gobe zan faɗa maka mu yi dariya. Ranar Litinin ɗin da za a yi zubin ka miƙo mini gwangwanin man da buroshi. Na juya maka baya na buɗe, sai na ga gindin gwangwani yana kallona. Da na yi magana a lokacin, da an jira gobe an sayo wani, shi ke nan. Amma tsohuwa da girman kai. Na ce a raina ɗan maiƙon da ya rage a gefe zai isa. Na yi ta goga busasshen buroshi a cikin mazubin, ina 'yar waƙa don ka ji aiki na tafiya. Na ajiye na tafi sallar azahar.

Da na dawo ka riga ka haɗa ka ɗaure. Ka zuba ruwan, ka ɗora mini a cinya, na yi ta juyawa kamar mai lallashin jariri. Ka kalle ni ka ce, "Amarya, kin shafa man sosai ko?"

Na ce, "Sosai."

Ka ce, "To madalla."

Kafin la'asar ciwon ya taso. Na ji ka kana juyi a kan gado kana cije baki, na ƙwala maka kira na ce ka shafa man zafinka mana. Ka ce ya ƙare. Aka kira babanka, ya goya ka kamar lokacin da kake yaye. A bakin ƙofa ka ɗago kai ka nuna teburin da haɓa, ka ce, "Kada kowa ya buɗe, ni zan buɗe." Na ƙirga takun babanka har talatin da biyu. Kwana takwas ka yi a asibiti, ban iya sauka na je ba. Ranar da aka tafi kai ka makwancinka, ta tagar nan na ga an wuce da kai a kafaɗun mutane. Faɗin tagar shi ne tsawon sallamarmu.

Kwanakin da suka biyo baya, gida cike da masu gaisuwa, ni kuwa idona yana kan ƙofar ɗakinka. Mazubin yana kan tebur, fari, ɗaure da igiya, aikinka na ƙarshe a kulle a ciki, kuma ni kaɗai na san ba zai fito ba. Ana ce mini in ci abinci, in ce baƙin ciki ne. Rabinsa baƙin ciki ne. Darakta ya zo ya durƙusa ya yi ta'aziyya, bai tambayi komai ba, sai da zai tashi ya ce in hular tana nan, suna so a sa ta ranar wasan, a ambaci sunanka. Babanka ya ce zai duba. Na ji kamar an mayar mini da wancan kwalkwalin a kai, wannan karon babu mai zarto.

Ranar Alhamis da safe, da ɗakin ya yi sauƙin mutane, na kira mamanka. Shekara talatin muna tare, ban taɓa sunkuyar mata da kai ba sai ranar. Na faɗa mata komai, har da fason. Sai ta ce, "Inna, tashi mu buɗe. Ko a farfashe ne, nasa ne."

Ta riƙe ni muka tsallaka. Ta kwance igiyar. Na nuna mata inda kake sa bakin cokali a tsagar, da yadda kake bi a hankali kana zagayawa. Muka ji ƙas. Na rufe ido. Sai na ji mazubin ya rabu a cinyata salin-alin, kamar an ɓare gyaɗa. Ga kwalkwali nan, tukkunsa da ganyensa, ko ƙwarzane babu.

Kafin mu yi magana wani ƙamshi ya taso daga cikin ramin. Ranar zubi warin roba ya danne shi, yanzu warin ya tafi ya bar shi. Ƙamshin da ke jikin rigunanka da matashinka tun kana ƙarami. Man zafi. Mamanka ta leƙa ƙarƙashin tebur ta jawo kwalbarsa, an sharce ta tas har gindi. Ta ce ranar Asabar ta sayo maka ita, kuma a asibiti har faɗa ta yi maka, wai wane irin shafawa kake yi da za ka ƙarar da kwalba cikin kwana biyu. Ka ce mata ta yi haƙuri.

Ashe ina juya baya ka duba. Ashe ka ga ramin a bushe, ka ga gwangwanin, ka san inda man ya tafi, ƙila ma tun tuni kake kallon dugadugaina suna sheƙi kana dariya a ciki. Ina can ina salla ka kwashe maganin ciwonka ka shafe mazubin, don kada a ce tsohuwa ta ɓata aiki. Sannan ka dube ni ido cikin ido ka tambaye ni, ka bar ni na shirga ƙaryata, ka ce madalla. Da yamma kuma ka kwanta da ciwo ba abin shafawa.

Muka zauna ni da mamanka, dariya ta zo, kuka ya kore ta. Shekara ashirin da bakwai ina tsokanarka, ban taɓa bari ka ci ni ba. Ka jira sai a karo na ƙarshe ka ci ni, ka kuma tafi ba ka ba ni damar ramawa ba. Ka yafe mini, Maigida. Na san ka yafe tun ranar, amma ni ban roƙa ba, shi ya sa nake roƙo yanzu a gaban kowa.

Babanka da kansa ya zauna ya goge hular ya yi mata fenti, yana tambayata yadda kake yi. Jiya ya rungume ta ya sauka da ita. Na ƙirga takun.

Ina miƙa ta'aziyyata ga babanka, wanda ya goya ka sau da yawa bai taɓa cewa ya gaji ba. Da mamanka, wadda ta san kujerun asibiti fiye da na ɗakinta, ta kuma rufa mini asiri har sai da na tona da kaina. Da ƙannenka, da Darakta da mutanensa, da duk wanda ya taɓa hawo benen nan da abu a karye. Allah Ya ba mu haƙurin da ya kai girman rashin.

Ya Allah, bawanKa ya zauna a ƙunci bai yi ƙorafi ba, Ka yalwata masa kabarinsa iya ganin ido. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ya rufa wa tsohuwa asiri a duniya, Ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka ba shi lafiyayyun ƙafafu da fili marar bango a Aljanna. Mu da muka rage a saman bene, in lokacin saukarmu ya yi, Ka sa mu fita salin-alin, da imani. Amin.