Carbi Bakwai a Kowane Gida

Shekarar da mutanen jami'a suka zo garinmu, can bayan Minjibir, ni aka saka a kwamitinsu, saboda ni ce ungozoma, kuma bakina ba ya shiru. Bincike suke yi a kan ƙanjamau. Za a gwada mace a ɗakinta, in an samu a ɗora ta a kan magani, ba mai ji ba mai gani.

Na ce da babbar likitarsu, "Hajiya, ba ki san garin nan ba. Dangar kara ce kawai tsakanin gida da gida. Kika daɗe a gida ɗaya fiye da sauran, to kin gama tona musu asiri."

Shawarata aka bi. Kowane gida za a shiga, kuma ba inda za a fi daɗewa. Ni zan zauna a bakin ƙofar ɗaki da carbina, in na ja zagaye bakwai in yi gyaran murya, likita ta fito, ko me ta gani. Wallahi har taƙama na dinga yi da dabarar nan. Ashe matan unguwa sun gano ta, suna daka suna auna zaman tare da ni.

Kwana na huɗu muka zo gidan ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana da ciki wata shida. Na ja bakwai, na yi gyaran murya. Shiru. Na sake, shiru. Sai na ji taɓarya ta tsaya a gidan dama, can ta gidan hagu ma ta tsaya. Na san abin da aka gani, na kuma san in maganar ta fita, ko ruwan randarta ba mai sake sha.

Na faɗa ɗakin da ihu. "Ke! Don kin ga baƙuwa shi ne za ki ɓuya? Akuyarki ta cinye min harawa tas, yau sai na ga wanda ya tsaya miki!"

Tana zaune a ƙasa, likita na dafe da kafaɗarta. Ta kamo hannuna ta matse, hawaye na zuba, ni kuma ina ta surfa mata masifa yadda duk unguwa za ta ji. Likita ta gane, ta shiga ba ni haƙuri da ƙarfi, tsakani tana raɗa mata ranar zuwa karɓar magani. Ban taɓa jin ɗacin bakina irin na ranar ba.

Na fito ina huci. Tsohuwar gidan dama na tsaye a ƙofa, taɓarya a hannu. Ta dube ni ta ce, "Sannu, ungozoma. Ni kuwa na ɗauka tun kafin Babbar Sallah aka kai akuyar nan kasuwa."