Hajja Ummusalama da Allura Mai Jan Murfi

Kafin masu shayi su gama hura gawayi a bakin kasuwa, Hajja Ummusalama Kassim ta riga ta sauka daga raksha, keken haya mai ƙafa uku. Da ta ɗaga ƙofar saidaliyya, kai tsaye take wucewa wajen firji ta sa hannu ciki. In ta ji sanyi sai ta ce alhamdu lillahi, sannan ta juyo ta amsa sallamar masu jira. In kuwa an ɗauke wuta tun jiya, sai ta kwashe kwalaben insulin, ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ta jera a gindin randar da ke bayan kanta. Shekara talatin da ɗaya haka take buɗe wannan kantin magani a nan Gadarif. Ƙarshen watan da ya wuce ta miƙa makulli, domin gwiwa ta ƙi tsayuwa.

Ba likita ba ce, mataimakiyar mai haɗa magani ce. In ka ce mata Dakta, za ta nuna maka hanyar asibiti ta ce, "Dakta yana can. Ni Ummusalama ce, me ya kawo ka?"

Duk wanda ke da mai ciwon sukari a gida ya san wahalar sayen allura. Likita yakan rubuta takarda sau ɗaya, allura kuwa kullum ake bukatarta, safe da yamma. Ka je wani kanti a ce sai ka kawo takarda. Ka je wani a miƙo maka ko kallonka ba a yi ba. Hajja tata hanyar daban. Ba ta tambayar takarda, kwalbar maganin take tambaya. Za ta juya ta, ta karanta, ta tambayi wa za a yi wa, wa zai yi, sannan ta ɗauko allurar da ta dace da ita.

Lokacin da yaƙi ya koro mutane daga Khartum da Madani, da yawa sun iso babu ko takarda ɗaya. Maƙwabcina ya ga ranar da Baba Sharu, wani tsoho da ya fito Madani da rigar jikinsa kaɗai, ya tsaya gabanta da kwalba a aljihu, bayan kanti uku sun mayar da shi. Ta zaunar da shi a kan benci, ta sa ya ja maganin a gabanta don ta ga ko idonsa yana ganin layukan. Ba ya gani. Ta aika aka kira jikarsa, ta koya mata.

Ba kuma kowa take sayar wa ba. Wani ɗan ƙwadago mai suna Osman, da zai tafi yankan riɗi a Fashaga, ya zo neman allurai da maganin zazzaɓi na ruwa don ya tafi da su gona.

"Wa zai yi maka a can?"

"Akwai wanda yake yi wa awakin mai gona, Hajja. Hannunsa da sauƙi."

"To kai akuya ne, yaro? Je ka a duba jininka, ka dawo."

Osman da bakinsa yake ba da wannan labari, yana dariya.

Nawa labarin ba na dariya ba ne. 'Yata Salwa tana da shekara goma sha biyu aka gano ciwon sukari gare ta. Ni mai gyaran tarakta ne, na san noti da ƙusa, amma ban iya riƙe allura ba. Hajja ce ta koya mini a jikin lemon tsami, tana cewa, "Abu Salwa, ka fi yarinyar tsoro. Ita za a soka, kai kake gumi."

A shekarar da allura ta yi wuya a gari, ƙanin matata Haitham, direban lori, ya dawo daga Gallabat da kwali guda cike da allurai. Kyauta ya kawo mana. Sababbi ne fil, kowace a ledarta. Na duba na ga sirara ce irin wadda muka saba, layuka a jiki, sai dai murfinta ja ne, tamu kuwa ruwan lemo. Na ɗauka bambancin kamfani ne. Da safe na ja maganin har layi na goma sha biyu kamar kullum, na yi wa Salwa, ta karya, na fita.

Wajen ƙarfe goma na biya saidaliyya in karɓi sabuwar kwalba. Hajja ta miƙo mini, amma ba ta sake ta ba.

"Allura fa? Wadda ka saya ta isa ta ƙare."

"Allah ya kawo mana, Hajja," na ce, na zaro ɗaya daga aljihu ina jin daɗi.

Ta kalli murfin, ta ɗago ta kalle ni.

"An yi mata da wannan?"

"Yau da safe."

"Har layi nawa?"

"Sha biyu."

"Kira Najwa. Yanzu, ba anjima ba."

Na kira matata. Ta ce Salwa ta ce kanta yana ciwo, ta kwanta, barci ma take. Hajja ta karɓe wayar daga hannuna.

"Najwa, 'yata, ki saurare ni. Ki tashe ta. In tana iya haɗiya, ki dama sukari cokali uku ki ba ta. In ba ta iyawa kada ki ɗura mata komai, ki shafa mata sukarin a cikin kunci. Ga mu nan."

Akwai mutum biyar a layi. Ta ce musu su yi haƙuri, ta ja ƙofa ta rufe, ta tare raksha da kanta. A hanya ta bayyana mini. Insulin kala biyu ne, mai ƙarfi da mai sauƙi, kowanne da allurarsa. Mai jan murfi ta mai sauƙin ce, layukanta sun fi ɗiba. Namu kuwa mai ƙarfi ne. Abin da na zuba wa 'yata ya ninka ƙa'idarta sau biyu da rabi. Na buɗe baki zan yi salati, ta ce, "Ka yi a zuci. Ka nuna wa direba hanya."

Mun tarar da Salwa jingine da uwarta, rigarta sharkaf da gumi, ido a buɗe amma ba ta san ni ba. Hajja ta durƙusa a kan gwiwar nan tata mai ciwo, ta soki yatsanta ta auna, ta ci gaba da ba ta ruwan sukari kaɗan-kaɗan tana kiran sunanta. Can yarinyar ta motsa baki ta ce, "Hajja, me kike yi a gidanmu?"

"Shayi na zo sha. Babanki marowaci ne, bai taɓa gayyata ta ba."

Duk da haka ba ta yarda mun zauna ba. Ta ce maganin yana nan a jiki, zai sake ja da ita ƙasa. Muka tafi asibiti aka sa mata ruwa, ta kwana ɗaya. Washegari Hajja ta sa Haitham ya kawo kwalin, ta tambaye shi wa kuma ya raba wa. Gida biyu ne. Da ƙafarta ta je duka biyun.

Ba ta taɓa ce mini kai ka jawo ba. Abin da ta yi, ta karɓe aikin daga hannuna ta damƙa wa mai ciwon. Wata guda Salwa tana zuwa saidaliyya kowace Asabar, har ta iya karanta kwalba, ta iya ja, ta iya soka, ta san alamar saukar sukari tun kafin ta kayar da ita.

Hajja, ke ce kika lura da abin da ban saya ba. Ke ce mai tambaya kafin miƙawa. Ke ce kika rufe kanti da rana tsaka saboda 'yar da ba ke kika haifa ba. Uwar masu sukari, Allah ya saka miki.

Ku da kuke bayan kanta a yau, a Gadarif da ƙauyukanta, ban ce ku kori wanda ya zo ba takarda ba, domin wataƙila gidan da takardar take ciki ya ƙone. Ban kuma ce ku miƙa masa ku juya baya ba. Ku tsaya ku yi masa tambaya biyu ko uku. Mu ma iyaye, allurar da ba mu san asalinta ba mu kai a duba kafin ta taɓa jikin yaro.

Salwa ta cika sha biyar bana. Makon jiya ta tafi Ƙala'at an-Nahal wajen gwaggonta, za ta yi kwana goma. Ita ta haɗa kayanta, ta ƙirga alluranta, ta naɗe kwalbarta a jiƙaƙƙen ƙyalle. Wannan ne karo na farko da ta kwana a wani gida tun da ciwon ya same ta. Na raka ta tasha, mota ta tashi, na koma gareji na kwance injin tarakta har la'asar, ban kira ta ba sai sau ɗaya.

Na gode, Hajja. Allah ya ba gwiwarki lafiya, ya sa ki huta kamar yadda kika hutar da mu.