Shagon Wankin Auta

Kafin in gama shayin safe, Auta ta riga ta buɗe shagon da ke ƙofar gidana, ta kunna injin wanki, ta rarraba wa mata kayan guga, ta tambayi kowace mai ciki yadda ta kwana. Daga nan sai ta rataya jaka ta ruga jami'a, wani lokaci da kumfar sabulu a hannun riga. 'Yar ƙanwata ce, ita ce ƙarama a ɗakinsu, kuma a wurina take zaune tun da ta fara karatu. Yanzu ta gama, tana haɗa kaya za ta tafi inda aiki ya kira ta. Shi ya sa na ce bari in jinjina mata a gaban jama'a, ko da yake har yau ban gama gane abin da ta kafa a shagona ba.

Ranar da ta nemi aron shagon ta ce kasuwanci za ta yi. Na yi murna, na ce yau dai an samu mai kan kasuwa a danginmu. Da na tambayi ina riba za ta je, sai ta ce wajen kai baƙin mata masu ciki asibiti. Na ce to sadaka ke nan. Ta ce a'a, kasuwanci ne. Na ce wane irin kasuwanci ne mai shi ba ya cin riba? Ta ce a jami'a aka koya musu, har suna gare shi. Ta faɗi sunan, ya shiga ta nan ya fita ta can. Na miƙa mata makulli kawai don kar a ce na hana yarinya karatu.

Matan nan daga ƙasashe daban-daban suka zo. A ɗakunan haya na bayan tashar mota suke zaune, mazansu suna leburanci a wuraren gini. Abin da ya tsaya wa Auta a rai shi ne a ɗaki suke haihuwa, alhali ga rufin asibiti nan ana hangowa. Tsoro ne ya hana su: gani suke da sun taka ƙofar za a nemi takardun zama, a tasa ƙeyarsu zuwa inda suka fito. Auta ta je ta sami babbar ungozoma, ta tabbatar ba mai tambayar mace mai ciki takarda. Ta dawo ta gaya musu, suka gyaɗa kai, ba wadda ta je. Ta aika musu saƙon murya da yarukansu, ashe wayar gidan tana aljihun maigida a can saman gini. Ranar ta dawo ta zauna ta yi tagumi, ni ma na taya ta.

Daga nan ta ɓullo da tsarinta. Mace ta zo shago ta yi wanki ko guga, a biya ta ladanta. Ranar awo kuma Auta ta kama hannunta tun daga bakin titi, ba ta saki sai an gama an fito. Sharaɗin ɗaya ne: wadda aka raka, in ta haihu ta warware, ita ma za ta raka wata. Rabin tsarin ya yi aiki, rabi ya ƙi. Matan sun yarda a raka su, amma fa sai da hannun Auta, na kowa ba ya yi musu. Ga karatu yana ƙarewa. Ta sha ce mini, "Kawu, in na tafi an koma gidan jiya ke nan."

Wadda ta fi hana ta sukuni ita ce matar wani birkila. Ta taɓa yin ɓari a hanyarsu ta zuwa, wannan ne cikinta na biyu, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ungozoma ta ce jininta ya hau, da ta fara ganin dishi-dishi a kawo ta nan take. Ita kuwa ta kafe cewa ba ta sake taka asibiti sai da Auta.

Abin ya tashi ranar jarrabawar ƙarshe, Auta tana aji, waya a kashe. Da hantsi sai ga Uwar Tagwaye, ɗaya daga cikin baƙin matan, mai kula da guga, ta faɗo tsakar gidana ko gaisuwa babu. "Baba, ɗauko mota." Muka tarar da matar birkila a ƙasa, ta rungume ƙafar gado, tana kiran sunan Auta. Mata sun cika ɗaki, kowacce da yarenta, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu kamar an dasa ni. Na ce ko in je jami'a in ɗauko ta? Uwar Tagwaye ta ce babu lokaci. Ta durƙusa ta kama gefen rigarta za ta ɗaga, na kau da kai. Ashe tabon aikin da aka yi mata ranar haihuwar tagwaye take nuna mata. Ta yi 'yar magana a hankali, ta miƙa hannu. Can sai matar ta saki ƙafar gadon ta kama.

Ba ta saki hannun nan ba har ƙofar ɗakin tiyata. Aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, amma kukanta har baranda. Muna zaune a benci na tambayi Uwar Tagwaye me ta gaya mata. Ta ce, "Ce mata na yi na shiga, na fito, ga ni. Nawa ma hannu ne."

Da yamma Auta ta iso tana haki, biro na hannunta. Ta ji labari, ta zauna kusa da ni ta fashe da kuka. Na ce na murna ne ko na mene ne? Ta ce, "Wallahi Kawu ban sani ba. Ba su jira ni ba." Sai kuma ta hau dariya da hawaye a fuska. Kaina ya ɗaure, amma na ji ƙaunar yarinyar nan ta cika mini ƙirji.

Auta, ke ce kika ga tsoro a idon matan da muke wucewa kullum ba ma ko kallonsu. Ke ce kika yi ta kuskure kina sakewa ba ki yi zuciya ba. Yarinya mai hannun alheri, na gode, Allah Ya saka miki, Ya buɗa miki hanya inda za ki. Ku kuma masu karatu, ba sai kuna da shago ko digiri ba. In akwai baƙuwa mai ciki a layinku, ku ƙwanƙwasa ƙofarta, ku tambaye ta ko tana da mai raka ta.

Jiya na leƙa shagon na tarar da wata mai ciki da ban taɓa gani ba, tana ninke zannuwan gado. Na tambaye ta ko Auta take jira ta kai ta awo. Ta ce an riga an kai ta tun makon jiya. Sannan ta dube ni ta ce, "Baba, wace ce Auta?"