Matar da Ta Ara wa Sahura Numfashi

Ina shanya gero a tsakar gida ƙanena Lirwanu ya shigo ya ce an kai ƙawata Sahura asibiti a Anka, fuka ta tashi. Na bar geron na garzaya can. Har yau in na rufe ido, ma'aikaciyar jinyar da na tarar a kanta nake gani, wadda ban san ko sunanta ba.

Ga ta nan, siririya, lalle ya koɗe a tafinta. Ta kifa wa Sahura roba a hanci da baki, ɗaya hannun yana matsa jakar iska. Ta matsa, ƙirjin Sahura ya ɗaga. Ta saki, ya sauka. Yatsunta suna bin juna a hankali, kamar na mai tatsar saniya. Ina jin a ruga ta tashi, can wajen Gwashi, wata Inna ta koya mata kada ta yi gaggawa.

Sahura ba ta kai la'asar ba. Amma kafin ta cika, da aka ɗaga robar don share mata gumi, ta dube ni.

"Atine, wagga baiwar Allah ta gaji. Amshe ta."

"Ban iya ba, Sahura."

"Kullum haka kike cewa," ta ce, tana murmushi, "sannan ki iya."