Mai Walki a Tashar Bas

Yana zaune a kan benci a tashar bas ta Downtown, wato tsakiyar birni, a nan ƙasar waje da muke zaune, Bature ne dattijo, gemunsa fari fat. Rigarsa ta akoko ce mai faffaɗan hannu. Wandonsa babu zif, sai maɓallan ƙaho. A kan kayan ya ɗaura walkin fata wanda tartsatsin wuta ya huhhuda. Wata rigar ce a cinyarsa, yana farke ɗinkinta da ƴar wuƙa, yana mayarwa da allura a hankali.

Anti Bebi, maƙwabciyata ƴar Kumasi, ta taɓo ni. "Malam Husaini, wannan lafiyarsa kuwa? Sabuwar riga fa yake ɓatawa!"

Na tambaye shi. Ya ce Summerfield za shi, wajen wani taron tuna tarihi inda yake fitowa a matsayin maƙerin bakin daji na shekara ɗari biyu da suka wuce. Lokacin ba a yi keken ɗinki ba, in ji shi, don haka wannan ɗinkin na keke ƙarya ne.

Yatsunsa masu laushi ne. Ina jin a ofis ya ƙare ƙuruciyarsa, yana begen maƙerar da bai taɓa gada ba.

Ni kuwa na gada. Kakana maƙeri ne a Ɗambatta. Bara na buga waya gida ina cigiyar walkinsa, aka yi ta dariya, babu wanda ya san inda ya shiga.

Motarsa ta iso. Ya gifta ta gabana, warin gawayi da tsohuwar fata na biye da shi. Na ja numfashi, na ƙi saki.