Hannun Hagun Yayata

Yayata bahaguwa ce, kuma duk labarinta daga nan yake farawa. Da rana tana aiki a wani kantin magani, a tsaye tun safe har ƙafafunta su kumbura. Idan ta taso sai ta shige ɗaki, ta jingina wayarta da gwangwanin madara a kan teburin guga, ta ɗauko kwarashi da zare, ta ɗauki bidiyon kanta tana koyar da saƙa. Fuskarta ba ta taɓa fitowa ba. Hannaye ne kawai, sai muryarta a hankali kamar mai lallashin jariri.

Kusan duk masu koyar da saƙa a intanet da dama suke yi. Bahago in zai bi su sai ya riƙa juya komai a kansa, har ya gaji ya yi jifa da zaren. Yaya ta sha wannan wahalar, shi ya sa ta buɗe tasharta don irinta. Masu kallon ba su taka kara sun karya ba. Mijinta kan tsokane ta, wai ta tattara bahagwan duniya kaf amma ba su cika mota ɗaya ba. Ita dai dariya take yi, ta ci gaba da amsa musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Ana nan sai wani kamfanin zare ya neme ta. Sun yaba da hannunta, za su riƙa biyanta abin da ya fi albashin kanti, ga zare kyauta, ga fitilar ɗaukar hoto. Sharaɗinsu ɗaya ne: ta riƙa juya bidiyon kamar a madubi, ya fito tamkar da dama take saƙar, don masu dama su ne kasuwa. Aikin danna maɓalli ɗaya ne.

Ni ce na tsaya mata a wuya. Na ce ta dubi ƙafafunta, na ce ba a kanta aka fara hagu ba. Har yau ban ga laifina ba, domin ni nake ganin yadda take cire takalmi tana cije leɓe. Da ƙyar ta yarda ta gwada guda ɗaya. Masu kallo kuwa suka yi caa, irin yawan da ba ta taɓa gani ba, har mijin ya fara kiranta shugaba.

A cikin tarin yabon nan ne ta tsinci saƙon wata dattijuwa. Matar ta ce da dama ta yi saƙa duk rayuwarta, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya raunana mata hannun, yanzu zare kawai yake iya riƙewa. Da bidiyon Yaya take sake koyo da hagu. Ta ce wannan sabon ya gagare ta, ta tambayi Yaya, "Ko 'yata ta warke daga hagun ne?"

Yaya ta roƙi kamfanin su bari ta riƙa sa iri biyu. Suka ce a'a, hakan zai raba musu masu kallo. Washegari na same ta tana ɗaure kwalin zarensu za ta mayar.

Na ce, "Yaya, kanki ɗaya kuwa? Saboda tsohuwar da ba ki taɓa gani ba za ki ci gaba da tsayuwar kanti?"

Ta ce, "Masu dama suna da malamai ko'ina, ƙanwata. Ita ni kaɗai gare ta. Riƙe mini nan in ƙulla."

Na riƙe mata, raina a ɓace. Kamfanin ya ɗauki wata, masu kallon nan suka watse kamar ba a yi ba. Yaya tana kantin har yanzu, kuma takaicin bai sake ni ba.

Kwanakin baya dattijuwar ta turo hoton hular da ta saƙa wa jikanta. A karkace take, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Yaya ta daɗe tana kallo, ta ƙara girman hoton da yatsu, idonta ya kawo ruwa. Sai ta ce a wajen rage idon saƙa don hular ta tsuke ne matar ta ɓata, kuma laifinta ne ita Yaya, ta yi sauri a daidai nan cikin bidiyon. Ta miƙe tana ɗingishi, ta ce in rage ƙarar talabijin, za ta sake ɗaukar wurin a hankali.